Wane ne masanin falsafa na farko: Talis, mutanen Masar, ko Luƙmanu?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a aji ɗaya a jami'a. A darasin falsafa da mantiƙi da ake yi wa kowa da kowa, malaminmu ya ce wani mutumin Girka mai suna Thales shi ne masanin falsafa na farko a duniya. Da na faɗa wa yayana sai ya yi tsaki, ya ce tatsuniyar Turawa ce, a Masar Girkawa suka yi karatu, suka kwashe ilimin suka ce nasu ne. Malaminmu na islamiyya kuma ya ce ai hikima tun daga Luƙmanu take. Kaina ya ɗaure. Wa zan gaskata, kuma me zan rubuta a jarrabawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Bari in fara sauke miki nauyin jarrabawa: ki rubuta Thales, don shi ne sunan da ke takardar mai duba amsa. Idan kuma kina so ya san kin fahimci darasin, ki sa "a cewar Aristotle" a gaban amsar. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa bayani ne kan amfanin wannan ɗan ƙari.

Tambayarki biyu ce a haɗe: a ina falsafa ta samo asali, kuma wa ya cancanci a ce shi ne na farko. Na daɗe ina koyar da tarihin falsafa ga 'yan aji ɗaya, kafin nan kuma na ɗan zauna gaban malaman zaure na karanta mantiƙi, saboda haka duk maganganun nan uku ba baƙi ba ne a kunnena. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Abin da ya iso mana game da Talis

Thales, wanda littattafan Larabci ke kira Talis, mutumin Miletus ne, wani birni na bakin teku a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. An haife shi wajajen shekara ta 624 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu wajajen 546. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne, ko layi ɗaya na rubutunsa ba mu da shi, tun a zamanin da can ma ana shakkar ko ya taɓa rubuta littafi. Duk abin da ake cewa ya faɗa ta bakin wasu ya zo. Babban mai ruwaito shi shi ne Aristotle, wato Aristo na littattafan Larabci, wanda aka haifa a 384, kimanin shekara 160 bayan mutuwar Talis. Da malamin hadisi za a kai wa wannan isnadi, da kallo ɗaya zai ce yankakke ne.

Shi kansa Aristo bai ɓoye ba. Ya ruwaito cewa Talis ya ce ruwa ne asalin komai, amma da ya zo kan dalili sai ya sassauta murya, ya ce wataƙila ya lura ne abincin kowane mai rai yana da danshi, kuma irin kowane abu yana da laima a cikinsa. Ke nan dalilin da ɗalibai ke haddacewa hasashen Aristo ne. Ya kuma ruwaito cewa Talis na ganin ƙasa tana yawo a kan ruwa kamar gungumen itace, kuma dutsen maganaɗisu yana da rai tunda yana motsa ƙarfe.

Sauran labaransa sun fi kama da hira. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce Talis ya faɗi shekarar da rana za ta yi husufi, kuma husufin ya auku ana tsakiyar yaƙi tsakanin Lidiyawa da Midiyawa, har suka ajiye makamai. Masana taurari sun lissafa an yi husufi a yankin ranar 28 ga Mayu, 585, amma da yawa cikinsu na shakkar a lokacin akwai hanyar lissafin da za ta nuna inda zai faɗo. Aflatun, wato Plato, ya kawo labarin Talis yana tafe yana kallon taurari ya faɗa rijiya, wata baiwa ta yi masa dariya. Aristo kuma ya kawo kishiyarsa: wai ya hango zaitun zai yi albarka, tun da sanyi ya ba da kafin alƙalami ya kama wuraren matsar mai da araha, da kaka ta zo kowa ya matsu ya sa kuɗin hayar da ya ga dama.

To me ya sa Aristo ya fara da shi? Domin tarihin da yake rubutawa tarihin tambayarsa ce shi kansa. Yana neman dalilan samuwar abubuwa, sai ya waiwaya ya jera waɗanda suka riga shi, kowanne da ɗan abin da ya gano, har aka iso kansa. Da ya zo kan masu neman abin da aka yi duniya da shi, sai ya ce Talis ne ya buɗe irin wannan falsafar. Irin wannan ya ce, bai ce kowace iri ba. Kamar tarihin Kano ne da ya fara jerin sarakuna da Bagauda, wanda ake sa zuwansa a shekara ta 999 Miladiyya, alhali shi wannan tarihin da kansa ya ba da labarin Barbushe da mutanen Dala tun kafin zuwansa. Bagauda na farko ne a jerin da marubucin ke ƙirgawa.

Abin da ya zama sabo a Miletus

A ganina abin mamakin ba maganar ruwa ba ce. Mutanen Masar sun riga shi cewa duniya daga wani ruwa na fil azal ta fito, suna kiransa Nun, mutanen Babila ma labarin halittarsu da haɗuwar ruwa biyu ya fara. Abin mamakin shi ne abin da ya biyo bayansa. Anaksimanda, ɗan garinsu da ake cewa almajirinsa ne, bai karɓi maganar ruwa ba. Ya ce asalin komai wani abu ne marar iyaka, wanda ba ruwa ba ne, ba wuta ba ne. Hujjar da ake jingina masa ita ce, da ɗaya daga cikin abubuwa masu gaba da juna shi ne marar iyaka, da tuni ya cinye sauran. Ya kuma ƙi maganar ƙasa a kan ruwa, ya ce ba ta zaune a kan komai, tana nan a tsakiya ne saboda nisanta da kowane gefe daidai ne, ba ta da dalilin karkata nan ko can. Sai Anaksimenis ya zo ya saɓa masa shi ma, ya ce iska ce asali, idan ta takure ta zama ruwa da ƙasa da dutse, idan ta saki ta zama wuta.

Idan na zo nan a aji, nakan sa ɗalibai su gwada abin da aka ruwaito Anaksimenis ya kafa hujja da shi. Ki tsuke baki ki hura iska a bayan hannunki, za ki ji sanyi. Ki wangale baki ki ce "haa", za ki ji ɗumi. Ya ce ga shi nan, iska ɗaya ce, takurewa da sakewa ne suka bambanta ta. Bayaninsa bai yi daidai da abin da kimiyya ta gano ba, amma ki dubi abin da ya yi: ya kawo dalilin da kowa zai iya gwadawa da bakinsa, ba ya buƙatar a yarda da shi don girmansa.

Wannan shi ne ma'aunin da nake aiki da shi. Falsafa ta fara a inda mutum ya yi magana kan manyan tambayoyi, ya ɗora ta a kan hujjar da almajirinsa ke da damar ya auna ya ƙi, kuma ƙin bai zama rashin ladabi ba. Da wannan ma'auni, idan dole sai na zaɓi mutum ɗaya cikin Girkawa, Anaksimanda zan zaɓa, don a wurinsa aka fara ganin musu da hujja, kuma shi ne na farko cikinsu da 'yan kalmominsa suka iso mana, ko da yake ta hannun wani malami ne mai suna Simfilisiyus da ya kwafe su bayan fiye da shekara dubu.

Maganar yayanki

Yayanki yana da hujja fiye da yadda wasu malaman jami'a ke so su amsa. Girkawan da kansu ba su musanta sun amfana da Masar ba. Hirodotus ya ce ilimin awon fili daga can ya zo, saboda duk shekara kogin Nilu na cin gonaki sai an sake awo. Aristo ya ce a Masar lissafi ya fara, don an bar malaman addininsu ba su da wani aiki sai nazari. Aflatun ma ya sa wani tsohon malamin Masar yana gaya wa Solon, wani dattijon Girka, cewa ku Girkawa har kullum yara ne.

Ga kuma rubutun Masar ɗin kansa. Akwai wasiyyar da ake jingina wa Ptahhotep, wazirin wani Fir'auna mai suna Isesi, wajajen shekara 2400 kafin Miladiyya. Kwafinta mafi cika yana Paris, an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan zamanin wazirin, amma duk da haka ya girmi Talis da fiye da shekara dubu. A farkonta tsohon yana cewa kada iliminka ya sa ka girman kai, ka nemi shawarar jahili kamar yadda kake neman ta masani, domin magana mai kyau ta fi dutse mai daraja wuyar samu, amma ana iya tsintar ta a bakin kuyangin da ke bakin dutsen niƙa. Akwai kuma wani rubutu na mutumin da ya gaji da duniya yana jayayya da ransa kan ko mutuwa ta fi masa. A Babila an samu hirar ubangida da bawansa: ya ce zai yi abu, bawan ya jero masa dalilan yi, ya ce ya fasa, bawan ya jero masa dalilan bari. Da suka zo kan yi wa jama'a alheri, bawan ya ce hau tsofaffin kufai ka dubi ƙoƙunan kan manya da ƙanana, wanne ne na mugu, wanne ne na mai alheri?

Masu cire waɗannan daga falsafa sukan ce nasiha ce kawai, tana cewa yi kaza bar kaza ba tare da ta auna hujjar abokin hamayya ba. Game da Ptahhotep akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai Hiraklitus, masanin falsafa na Girka, shi ma gajerun zantuka masu kama da karin magana ya bari, ba wanda ya kore shi daga manhaja.

Inda na rabu da yayanki shi ne batun sata. Wannan magana ta yaɗu ne musamman daga wani littafi na George James da ya fito a 1954, wanda ya ce Aristo ya kwashi littattafansa daga ɗakin karatu na Iskandariya. Lissafi bai yarda ba. An kafa birnin a 331 kafin Miladiyya, Aristo ya mutu a 322, ɗakin karatun kuwa sai bayan mutuwarsa sarakunan gidan Batalimus suka gina shi. Wanda ya ari abu yana faɗin inda ya aro ba a kiransa ɓarawo. Ƙorafin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa na baya-bayan nan ne. A shekarun 1740 wani Bajamushe mai suna Brucker ya rubuta babban tarihin falsafa, ya fara da Kaldiyawa da Farisawa da Indiyawa da Masarawa kafin ya iso Girka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, marubuta irin su Tennemann da Hegel suka ce falsafa ta haƙiƙa daga Girka ta fara, sauran share fage ne ko addini. Wannan ya zo daidai da lokacin da ra'ayin fifikon launin fata ke kafuwa a Turai, kuma wannan tsarin ne manhajar jami'o'inmu ta gada.

Wanda ba a ambata miki ba

Cikin mutum ukun nan ba wanda ya kai ki Indiya, alhali can ne babban abokin takarar Talis yake. A ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansu da ake kira Upanishad akwai wani malami, Uddalaka Aruni, da ɗansa Shwetaketu. Yaron ya tafi karatu yana shekara 12, ya dawo yana 24 yana ta hura hanci. Uban ya tambaye shi ko an koya masa abin da idan ka san shi ka san komai, kamar yadda idan ka san curin yumɓu ɗaya ka san duk abin da aka gina da yumɓu, bambancin suna ne kawai. Ya ce masa wasu na cewa da farko babu ce kawai, daga gare ta samuwa ta fito, amma ta yaya samuwa za ta fito daga babu? Kin ga nan ya kawo ra'ayin wasu, ya rushe shi da hujja.

Bai tsaya nan ba. Don ya nuna masa hankali da abinci yake tsayuwa, ya ce ya yi kwana 15 ba ya cin komai sai ruwa. Da kwanakin suka cika ya ce karanto mini haddarka, yaro ya ce ta ɓace masa. Ya ci abinci, hadda ta dawo. Wata rana kuma ya sa shi ya zuba gishiri a ruwa ya kwana, da safe ya ce ɗauko mini gishirin, babu shi. Ya ce kurɓi ta wannan gefe, kurɓi ta tsakiya, kurɓi ta can, ko'ina gishiri. Ya ce haka asalin samuwa yake, ba ka ganinsa amma yana ko'ina. A wani littafin nasu kuma wata mace, Gargi, ta tsare babban malami Yajnawalkiya a fadar sarki Janaka, ta ce tunda komai a kan ruwa aka saƙa shi, shi ruwan a kan me aka saƙa shi? Ta yi ta binsa da tambaya bayan tambaya har ya ce ta bari kada kanta ya faɗi.

Masana na sa waɗannan littattafai wajajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin Miladiyya, wato ko dai sun riga Talis ko sun yi zamani da shi, kuma babu wata shaida cewa ɗaya ya ji labarin ɗaya. Ni dai ta fassara nake karanta su, fannina ya fi ƙarfi a ɓangaren Girka da Larabci, amma ko a fassarar hujjojin Uddalaka sun fi na Talis fitowa fili nesa ba kusa ba. A ƙasar Sin ma Konfushiyas, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479, da Mozi da ya zo ya yi masa raddi, sun buɗe tasu hanyar ba tare da Girka ba.

Me ya sa abin ya tsiro a wurare masu nisa da juna kusan a zamani ɗaya? Akan kawo girman birane, da fatauci mai haɗa mutum da masu al'ada daban, da rubutu, da al'adar yin muhawara a bainar jama'a. Kowanne ya taimaka, amma ba wanda ya isa shi kaɗai. Finikiyawa sun yi fatauci sun kuma riga Girkawa haruffa, ba a san su da irin wannan musu ba, Indiyawa kuwa da ka suke riƙe karatunsu.

Luƙmanu da malaman Musulunci

Malaminku na islamiyya ya tsaya kan aya, domin Alƙur'ani ya ce Allah Ya bai wa Luƙmanu hikima. Wannan hikima ce ta baiwa, ita kuwa falsafar da ake koya muku ita ce wadda ɗan Adam ke nema da hankalinsa, yana dacewa yana kuskure. Ba sa cin karo, don ba a fage ɗaya suke ba.

Amma ba shi ya fara haɗa su ba. Abul Hasan al-Amiri, wanda ya rasu a 992 Miladiyya, ya rubuta cewa Imfidoklis, masanin falsafa na Girka, ya zauna da Luƙmanu a Sham a zamanin Annabi Dawuda (AS), Faisagoras kuma, wato Pythagoras, ya ɗauki ilimi a Masar wajen mutanen Annabi Sulaimanu (AS). A ma'aunin tarihi labarin bai zauna ba, don tsakanin zamanin Annabi Dawuda da Imfidoklis akwai kimanin shekara 500. Abin da al-Amiri ke nema shi ne ya nuna wa mutanensa falsafa reshe ce daga hikimar annabawa, kada su guje ta. Al-Farabi shi kuma ya ce an ce ilimin ya fara ne wajen Kaldiyawan Iraƙi, ya koma Masar, sannan Girka, sannan Suryaniyawa, sannan Larabawa. Al-Kindi, wanda ake yi wa laƙabi da failasufin Larabawa, ya yanke hanya, ya ce bai kamata mu ji kunyar karɓar gaskiya ba ko daga ina ta fito, ko da daga al'ummomi na nesa ne. Shi kuwa al-Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, da ya zo jera manyan masu hikima bakwai na Girka, da Talis ya fara. Ke nan sa Talis a gaba ba Turawan jiya suka ƙirƙiro shi ba, malaman Musulmi ma sun gaje shi.

Wannan gado ya iso har ƙasar Hausa. Shehu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam al-Suyuɗi kan mantiƙi, Suyuɗi na haramta shagaltuwa da shi, Maghili na cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wanda ba Musulmi ba. Har yau a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato ana karanta littattafan mantiƙi, Sullam na al-Akhdari da Isaguji na al-Abhari, shi Isaguji kuwa tushensa wata gabatarwa ce da wani masanin falsafa mai suna Forfiriyus ya rubuta wa mantiƙin Aristo a ƙarni na 3 na Miladiyya. Almajirin da ke rarrabe jinsi da nau'i da fasali a gaban malaminsa, a kan wannan silsilar yake zaune ko bai sani ba. A daular Sakkwato ma an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zauna a Salame, ya yi rubuce-rubuce kan asalin samuwa da rai da tsarin duniya. Ban cika ganin sunansa a manhajar da muke koyar da 'yan aji ɗaya ba, don haka idan kin kai lokacin zaɓen batun bincike, ki tuna da shi.